Likitan Da Ya Ce Ba Shi Da Damar Mutuwa

Haihuwa da karatu

An haifi Dakta Yaw Amankwa Sakyi ranar Alhamis, 4 ga Maris 1943, a Nsuokrom, wani garin manoman koko a ƙasar Bono ta Ghana. Mahaifinsa, Opanin Kwasi Sakyi, manomi ne. Mahaifiyarsa, Maame Afua Kyeiwaa, tana sayar da busasshen kifi. Kawunsa ne ya ɗauki nauyin karatunsa, kamar yadda al'ada ta ɗora masa, bayan da dangi suka haƙiƙance cewa yaron nan ba zai taɓa riƙe adda daidai ba. Ya yi sakandare a Kumasi, sannan ya kammala karatun likita a Accra a shekarar 1970.

Aiki da aure

A shekarar 1972 ya koma gida ya karɓi ƙaramin asibitin da manoman garin suka gina da kuɗin kokonsu. Shi ne mai fiɗa, shi ne mai karɓar haihuwar da ta gagari ungozoma, wani lokacin har da cire haƙori. Daga nan ne ya samo maganar da aka san shi da ita: duk wanda ya ce ya huta, sai ya ce shi fa ko mutuwa ba shi da damar yi, domin kaf garin babu likitan da zai duba gawarsa ya sa hannu a takardar shaidar mutuwa. Mutane kan yi dariya, shi ma yakan yi, amma abin yana ci masa tuwo a ƙwarya, don ya san ranar da ya kwanta asibitin ya kwanta.

A watan Disamba na 1973 ya auri Akosua Boatemaa, malamar firamare, wadda ran Asabar take yin shela a wurin jana'iza, tana sanar da sunan kowane mai gudummawa da abin da ya bayar. Allah ya hore mata murya. An ce in tana shela a Nsuokrom, mutanen ƙauyen gaba ma sukan san wanda ya yi rowa.

Shekarun ƙungiya

A shekarar 1979 shi da takwarorinsa na ƙananan asibitocin yankin suka kafa Ƙungiyar Likitocin Ƙasar Koko, aka ba shi sakatare. Sukan haɗu duk wata su koya wa juna sababbin dabarun aiki, sukan kuma kai koke ga hukuma kan magani da wutar lantarki. Abu guda ne ba a taɓa shi, wato albashi. Kowane kwamitin asibiti yakan miƙa wa likitansa ambulan a liƙe, kowa ya soke a aljihu ya tsuke baki.

Ana cikin haka matasan likitoci suna ta tsere wa ƙasar. Uku aka turo wa Dakta Yaw a jere, babu wanda ya ga girbin koko biyu. Ta huɗun, Dakta Esi Bentsil, 'yar bakin teku mai kaifin hannu da kaifin baki, ta zo a 1987, kafin shekara ta zagayo ta ɗaure akwati.

"Baba, ba aikin ne ya kore ni ba," in ji ta. "Abin da ake ba ni ko takalmi ba ya saya, na kuma rasa ko haka ake yi wa kowa ko ni aka raina. In na tambaya sai a dube ni kamar na zagi uwar wani."

Ran nan Asabar ce. Ya koma gida, ya tarar da Akosua ta dawo daga jana'iza tana juya fufu, sakwarar ƙasar, a turmi. Da ta ji labari sai ta saki baki.

"Maigida, ku likitoci da karatu, amma wayo sai a hankali. Abin da aka ba matacce ni nake faɗarsa da lasifika, gari ya ji, ba wanda ya taɓa suma. Abin da ake ba mai rai kuma ya zama sirri?"

"Akosua, wannan maganar mutunci ce."

"Mutuncin ne zai yi maka fiɗa ran da ka kwanta? Ka ba ni likitocin nan rana ɗaya kawai."

Taron 1988

Ranar 12 ga Nuwamba 1988, a babban taron shekara, bayan an ci an sha, sai ga Akosua da zanen shelarta da lasifikarta ta kafa tebur. Dakta Yaw, a matsayinsa na sakatare, ya yi bayanin cewa kowa zai zo ya raɗa mata albashinsa, ita kuma ta sanar, kamar dai gudummawa. Shi ya fara zuwa, gumi na keto masa, domin shugaban kwamitinsa ya sha jan kunnensa cewa shi aka fi biya a duk yankin, kada ya faɗa ya karya zuciyar 'yan'uwansa.

"Jama'a, ku saurara! Dakta Yaw, mijina na kaina, mai farar riga da tsohuwar mota Fijo, ga abin da yake kawo mini duk wata!" Ta faɗi adadin, ta ƙara da cewa, "Ku taya ni godiya, ko ku taya ni kuka."

Wani dattijon likita ya miƙe zumbur. "Kai Yaw! Ai nawa ya fi wannan, kuma ni cewa aka yi ni aka fi biya, in rufa baki!"

"Ni ma haka aka ce mini!" in ji wani daga baya.

Ashe maganar da aka gaya wa kowa ke nan. Shekara da shekaru manyan likitoci suna ɓoye ambulan saboda tausayin juna, kowa yana kallon ɗan'uwansa a matsayin abin tausayi. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Da aka zo kan Dakta Esi kuwa dariyar ta ɗauke, domin nata bai kai rabin na sa'anta namiji ba, kunya ta kama kowa.

A ranar ƙungiya ta tsayar da ma'auni ɗaya na albashi, ta kuma naɗa wakilai su bi kwamitoci ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin Nsuokrom ya yi barazanar sallamar Dakta Yaw. Ya ce madalla, su nuna masa wanda zai miƙa wa makullin ɗakin fiɗa. Maganar ba ta sake tasowa ba. Cikin shekara biyu yawancin asibitocin suka bi ma'aunin, ƙungiya ta fara tura matasa ƙaro ilimi tana aiko da mai riƙe musu aiki, shelar albashi kuma ta zama al'adar kowane taron shekara. Dakta Esi ta kwance akwatinta.

Tsufa da rasuwa

Ya yi ritaya a 2008, ya miƙa mata asibitin, ya koma noman koko, inda ya tabbatar wa dangi cewa hukuncinsu game da adda yana nan daram. Ya rasu a gidansa ranar Talata, 9 ga Nuwamba 2021, yana da shekara saba'in da takwas. An binne shi ranar Asabar, 15 ga Janairu 2022, a maƙabartar cocinsu, jama'a sanye da fari da baƙi kamar yadda ake yi wa wanda ya tsufa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Kwabena, injiniya, Abena, malamar jinya, Yaa, 'yar kasuwa, da Kofi, wanda ya gaji gonar.

Al'ada ba ta yarda matar mamaci ta yi magana a wurin ba, amma babu wanda ya iya hana Akosua lasifika. Ta ce likitocin asibitin Nsuokrom su miƙe. Dakta Esi ta miƙe da furfurarta, matasa uku suka bi bayanta.

"Maigida, ka gani?" in ji ta, muryar nan tana rawa a karon farko. "Su huɗu suka duba ka, har gardama suka yi kan wanda zai sa hannu. Ka samu dama. Sai ka huta."