Garin siminti a kan ƙafata

Shekaruna saba'in da ɗaya, kuma ba tausayi nake nema ba. Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Ga dalili.

Bayan na bar koyarwa, na fara gina gidana a Isa. Ban yarda wani ya tsaya mini a kan aikin ba. Wata safiya bulo ya suɓuce daga hannun lebura, ya fasa mini yatsun ƙafar hagu.

Maginin, Malam Garba, ya ɗebi garin siminti ya danna a kan raunin. "Inna, wanga shi na maganinmu. Yanzu jini zai tsaya."

Jinin ya tsaya. Ni da ciwon sukari, na koma gida.

Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. A asibitin Isa aka ce sai Sakkwato. Ɗiyata Hadiza ta sa ni a mota, muka kama hanyar da kowa ya san halinta saboda 'yan bindiga, kowa na salati.

Gwajin jini, hoton ƙashi, wankin rauni safe da yamma. Na ciji gyalena don kada a ji kukana. Na sayar da gonata ta Kamarawa.

Likita ya ce, "Hajiya, in ruɓar ta haura idon sawu, daga gwiwa za mu yanke."

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na kama rigarsa ina cewa ya bar mini abin takawa zuwa salla.

Yatsu biyu suka tafi. Ƙafar ta tsira. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Hadiza da ma'aikatan jinya.

Da na dawo, na tambayi Garba mutum nawa suka ji ciwo a ginina.

"Ke kaɗai, Inna."

Na sa leburorin suka nuna mini hannuwa da ƙafafu. Sukar ƙusa, yankan kwano, ƙunar siminti, kowa da nasa. Wani ɗan garin Gatawa da ya gudo da iyalinsa daga 'yan bindiga, diddigensa na ruwa. Ya ce, "In na faɗi ciwona, gobe wani za a ɗauka."

A wurinsu, wanda bai kwanta ba bai ji ciwo ba.

Don Allah, kada ku sa siminti a rauni. Ku wanke, ku tafi asibiti ranar.

Na riga na fasa yin rufi bana. Kuɗin kwanon rufin na saya wa leburorin takalman aiki da su, na kai ɗan Gatawa asibiti, kuma gurbinsa na nan yana jiransa.