Malam Dakata, Mai Aiki da Allo a Kashe

Kafin mai shara ta gama goge baranda, Malam Dakata ya riga ya shigo gidan rediyonmu. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya shige ɗan ɗakin nan na kusa da inda ake watsa shirye-shirye. Babu komai a ciki sai wayoyi a nannaɗe, da fanka mai ƙugi, da wata tsohuwar kwamfuta da ko kyauta aka ba ka sai ka yi shawara. Shi ne mai kula da kwamfutocin gidan. Sunan kuwa mu muka laƙaba masa. Duk ranar da saƙo ya faɗo a allo cewa babbar manhajar kwamfuta ta samu sabuntawa, kafin hannunka ya kai kan linzamin kwamfuta za ka ji murya a bayanka: "A dakata tukuna." Sai ya fara sauke ta a kan tsohuwar nan tasa, ya jujjuya ta son ransa, sannan ya sakar wa sauranmu.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ni mai rubuta labarai ce a gidan, kuma na rantse muku har yau jikina bai daina yin sanyi ba in na tuna abin da na gani a farkon shekarar nan.

Sai kun san Yaya za ku gane. Ita ce mai tace mana sauti, kuma makauniya ce tun tana yarinya. Duk hirar da kuka ji a tasharmu tas, babu tari babu kame-kame, ta hannunta ta bi. Kwamfutarta magana take mata: akwai wata murya da ke karanta mata abin da ke kan allo, ita kuma tana bi da madannai. Da wannan aiki take riƙe da 'ya'yanta biyu da mahaifiyarta. Ranar da muryar nan ta rikice, aikin Yaya ya tsaya, babu wata hanyar.

To, Malam Dakata ya tafi aka yi masa aikin yanar ido. Yana kwance a gida babbar sabuntawa ta iso. Manaja ya karanta mana bayaninta a taron safe: sabuwar fuska, tagogin allo masu jera kansu, neman fayil cikin ƙiftawar ido, ga gyare-gyare rututu. Babba a ciki shi ne toshe wata kafa da masu kutse ke bi su kulle wa mutane kayansu. Maganar gaskiya Manaja bai yi wauta ba, tsoron kutsen nan na gaske ne. Ya ce a sauke wa kowa a ranar.

Washegari murna muke ta yi. Mai labaran wasanni sai jan tagogi yake yana saki kamar yaro da sabuwar mota. Can muka ji Yaya daga lungunta.

"Wa ya taɓa mini kwamfuta?"

Na je na sa abin sauraronta a kunne. Muryar tana nan, amma da ta iso sabon jerin maɓallan da ke allo sai ta riƙa cewa "maɓalli, maɓalli, maɓalli," ba ta faɗin na mene ne. Na buɗewa da na gogewa duk sunansu ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Ashe a tsohuwar manhajar akwai wata 'yar ƙara, ƙit, da ke fita duk lokacin da fayil ya gama adanuwa. Masu manhajar kuskure suka ɗauke ta, ga shi nan a cikin gyare-gyarensu: an kawar da ƙarar da ke fita ba dalili. Ita kuwa Yaya da wannan ƙit ɗin take sanin aikinta ya zauna. Ta wuni tana tace wata doguwar hira da likitar yara, ta danna abin da take zaton adanawa ne, ta jira, ta ji shiru, ta sake dannawa. Hirar ta tafi gaba ɗaya. Lokacin shirin ya yi, kiɗa muka sa wa masu sauraro.

Da abin ya maimaitu, Manaja ya zo ya tsaya a kanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ko za ki ɗan koma teburin karɓar baƙi, kafin mu ga yadda za a yi?"

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irin wannan "kafin" ɗin ba ya ƙarewa. Yaya ta cire abin sauraron ta ajiye a hankali.

"Ranka ya daɗe, makantar da na zo da ita gidan nan ita ce dai, ba ta ƙaru ba. Abin da kuka sa mini ne ba ya gani."

Ban san wanda ya kai wa Malam Dakata labari ba. Da hantsi sai ga shi, filasta a ido ɗaya, baƙin tabarau a kai, 'yarsa tana riƙe da hannunsa tana mita.

"Baba, don Allah! Likita fa ya ce kada ka kalli allo."

"Wa ya ce miki zan kalla?"

Ya ja kujera kusa da Yaya, ya miƙa hannu ya kashe allon. Baƙi ƙirin. Ya sa abin sauraro, yatsunsa suka hau madannai, tatata, babu ko tuntuɓe. Muka tsaya cirko-cirko, baki buɗe. Na dubi mai labaran wasanni, ya dube ni.

"Me kuke mamaki?" in ji Yaya. "Ai haka yake yi kullum. Ba ku sani ba?"

Wallahi ba mu sani ba. Sau nawa muka leƙa ɗakinsa muka gan shi gaban allo a kashe, ido rufe, kai a sunkuye? Mai labaran wasanni har cewa yake Malam ne kaɗai ake biya albashin gyangyaɗi. Ashe duk sabuntawar da ta taɓa shigowa gidan nan, sai ya gwada ta sau biyu: sau ɗaya da ido saboda mu, sau ɗaya a duhu saboda Yaya. Abin da ya tarar ya karye, ya ɗaure shi kafin ya iso teburinta. Shekara da shekaru ke nan, ko sau ɗaya bai taɓa faɗa a taro ba.

Manaja ya matso, duk ya yi gumi. "Malam, ko a mayar da tsohuwar?"

"A'a, ranka ya daɗe. Toshe kafar nan da aka yi daidai ne, ba za mu sake buɗe wa ɓarayi ƙofa ba. Gaba za mu gyara."

Ya tono tsohon jerin maɓallan inda aka binne shi a cikin saituna, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana ba su suna yadda muryar za ta iya faɗa. Saura ƙit. Ya sa aka kawo masa kofin shayi da cokali, ya ƙwanƙwasa a gaban makirufo, ya naɗa, ya ɗaura ƙarar a kan adanawa.

Yaya ta gwada, ta yamutsa fuska. "Malam, wannan ta yi kauri. Tawa siririya ce."

"Ke dai ba a iya miki, Malama. A ba ni ƙaramin cokali."

Da ya sake, ta danna, muka ji ƙit. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Ni kam ficewa na yi baranda, don ba na son a ga hawayena a wurin aiki.

Bai tsaya nan ba. Ya aika wa masu manhajar bayanin matsalar dalla-dalla. Da sabuntawa ta gaba ta zo, can ƙasan gyare-gyaren ga layi ɗaya: yanzu mai karanta allo yana faɗin sunan kowane maɓalli. Makafi nawa ne a duniya wannan layin ya mayar kan kujerunsu? Na duba sama da ƙasa, babu sunansa. Raina ya ɓaci, na je na same shi ina huci. Ya ce, "To, ba an gyara ba?" Ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Malam, kai ne ka ɗauki tsaikon da muke yi maka tsiya a kansa ka mayar da shi rufin asirin wani gida. Kai ne ka taso daga jinya da ido ɗaya a ɗaure don kada a mayar da ƙwararriya mai cewa "sannu da zuwa" a bakin ƙofa. Kai ne kuma ka shafe watannin nan kana zaunar da wadda za ta gaje ka kusa da Yaya, har sai da Yaya da bakinta ta ce ta yarda da ita. Mai haƙurin zama da na'ura, mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Ku kuma masu kula da na'urori a ofisoshi da makarantu da asibitoci, ga abin koyi. Kafin ku danna wa kowa sabon abu, ku tuna da wanda ba da ido yake aiki ba, da wanda hannunsa ke rawa, ku zauna a mazauninsa ku gwada.

Jiya muna shirya walimar bankwana, Yaya ta juyo wajenmu.

"Ku masu ido, ku faɗa mini, yaya fuskar Malam take?"

Muka fara in-ina. Wani ya ce dogo ne, wata ta ce a'a, matsakaici dai. Aka yi gardama ko yana da gemu. Mutumin da muke wucewa kullum!

Yaya ta yi dariya ta mayar da abin sauraronta kunne, don tana da shirin da za ta miƙa kafin azahar.

"Ku bar shi kawai," in ji ta. "Ni na san shi. Duk gidan nan shi kaɗai ya taɓa shigowa inda nake ya zauna."