Dutsen da Ya Ɓace wa Inna

Shekara talatin da 'yan kai Inna Mai Duwatsu ta yi tana zama a bakin taga ɗaya, allura a hannu. Aikinta ɗinkin hoto ne a kan yadi mai ƙananan ramuka. Sai ta cika ramukan da zare kala-kala har fure ko tsuntsu ya fito, sannan ta bi shi da duwatsun ado masu ƙyalli. A nan ne ta fi kowa. Wasu gam suke shafawa su manna, bayan wata biyu duwatsun su zube. Ita kuwa ɗaya bayan ɗaya take ɗinkewa da zare biyu, kowane dutse sai ta ratsa shi sau biyu ta ƙulle ta baya. Da wannan allurar ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da ita ta raini ɗanta tilo har ya zama direban motar kaya, ya yi aure, ya kawo matarsa gidan.

Surukar malamar makaranta ce. Kullum da safe sai ta ajiye wa Inna 'yarta mai wata goma, wadda Inna ke kira Ƙawa, ta ce, “Inna, ga ƙawarki nan, ku yi ta gulmarku har in dawo.”

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne idon Inna ya fara tafiya. Daga gefe ya soma, kamar ana ja mata labule sannu a hankali, har ya zama abin da ke gabanta sak kaɗai take gani, shi ma dishi-dishi. Zare a kafar allura da lalube take sakawa. In ta yi karo da kujera sai ta yi faɗa wai an canja mata wuri. Ta san ɗanta sarai: ranar da ya ji, ranar zai kwashe gwangwanayen duwatsun ya ce ta huta. Ita kuma ba ta san wace ce ita ba in babu allura.

A lokacin tana kan wani aiki da malaman makarantar surukarta suka ba ta, hoton ɗawisu da za su ba shugabarsu mai barin aiki. An gama zare, saura ado. Wutsiyar na da ido goma sha biyu, kowanne za a sa masa shuɗin dutsen gilashi mai girman ƙwayar wake. Ran Litinin da hantsi, Ƙawa na barci, Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashi, gwiwar hannunta ta bugi farantin da ba ta gani ba. Duwatsun suka watse a siminti.

Ta durƙusa tana shafa ƙasa da tafin hannu. Ƙarƙashin gado, bayan akwati, gefen tabarma. Ta ƙirga, goma sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Ta share ɗakin sau uku, ta zauna tana tsintar sharar da yatsu, gumi na ɗiga daga haɓarta. A haka surukar ta dawo ta same ta.

“Inna, lafiya? Me ya faɗi?”

Maganar ta zo har bakinta. Amma in ta ce dutse ne, malamar za ta duƙa ta gan shi a fili, wataƙila a gaban ƙafar Inna, daga nan kuma tambaya ta biyu za ta biyo.

“Allura ce,” in ji ta, “na ma same ta.”

Ta ce a ranta gobe za ta sake nema. Ta nema kuwa, ba ta samu ba, sai ta lallashi kanta cewa ya gangara tsakar gida ya bi magudanar ruwa.

Ran Laraba tana ɗinke ido na bakwai, Ƙawa na rarrafe a bayanta tana surutunta. Sai ta ji tari sau biyu, daga nan shiru. Irin shirun nan da ba na lafiya ba. Ta juya duk jikinta kafin ta hango yarinyar zaune kusa da ƙafar gado, baki buɗe, ido waje, ba kuka ba numfashi.

“Innalillahi! Ƙawa! Ƙawa!”

Ta fizgo ta, ta kifa ta a cinya tana bubbuga bayanta. Ba abin da ya fito. Can dai numfashi ya dawo, siriri, yana fito kamar iska a tsagar ƙofa. Inna ta rungume ta ta yi waje ba takalmi ba mayafi, ta gwara goshi da bakin ƙofa ba ta ko ji ba. A titi ta tsaya tana ihu, motoci na wucewa ta inda ba ta gani. Makaniken da ke gefen gidan ne ya jefar da sifana ya tura su cikin motar da yake gyarawa, ya ja su asibiti, hannunsa baƙi ƙirin a kan sitiyari. Duk hanya Inna na manne da kunnenta a ƙirjin yarinyar. “Yi numfashi, uwata. Ki yi min wannan kawai. Allah Ka ɗauke ni, ni na tsufa.”

A asibiti aka karɓi yarinyar aka shige da ita. Makaniken ya kira surukar a waya, ba a jima ba ta faɗo da gudu, hannunta duk alli. Likitar ta fito ta tsaya a gabansu.

“Wani abu ya toshe mata hanyar numfashi, amma hoton ƙirjin da muka ɗauka bai nuna shi sosai ba. Gyaɗa ce? Ƙarfe? Roba? Ina bukatar in san abin da zan shiga nema.”

“Wallahi ban sani ba,” in ji surukar tana kuka. “Ba ma barin komai a ƙasa.”

Inna ta matso gaban likitar. “Dutse ne, likita. Na gilashi, shuɗi, kamar ƙwayar wake. Yana da rami a tsakiya.”

“Kin ga lokacin da ta sa shi a baki?”

“Ban gani ba. Tun Litinin ya faɗi na rasa shi.” Ta nuna idonta. “Ba na gani, 'yata. Na fi shekara ba na gani sosai.”

Likitar ta juya da sauri ta shige. Surukar ta tsaya tana kallonta.

“Tun Litinin? Shi kike nema ran nan kika ce min allura?”

“Shi ne.”

“Kika bar ni ina ajiye miki ita kullum ina tafiya? Inna, me na yi miki?”

Inna ta zame ta zauna a ƙasan barandar, bayanta a bango. Mutane na wucewa, ita ƙafafunsu kawai take ji. Duk addu'ar da ta sani ta karanta, ta ƙare ta sake daga farko. Surukar na can ƙarshen benci tana gaya wa mijinta a waya ya bar motar duk inda yake ya taho. Sau ɗaya Inna ta miƙa hannu wajenta, ta ji an janye.

Kusan awa biyu kafin wata nas ta fito da ɗan kofi. “An ciro. Ramin nan na tsakiya ne ya taimaka, ta nan iska take ɗan wucewa.” Ta miƙa wa Inna kofin ta gani. Inna ta kalla ba ta ga komai ba, sai da nas ɗin ta juye mata shi a tafin hannu. Nan ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta.

Ƙawa ta kwana huɗu a asibiti, ta fito da dasasshiyar murya da ta ɗauki makonni kafin ta washe. Ɗan bai yi wa uwarsa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, “Inna, da kin gaya min.” Ya kwashe gwangwanayen ya kai wa wata tela, har da ɗawisun, ita ta ƙarasa shi da gam. Ya kai Inna wajen likitan ido, aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare ragowar da maganin ɗigawa safe da yamma.

Surukar ta koma kai 'yarta gidan yayarta in za ta makaranta. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninta da Inna. Inna ta wuni a bakin taga, hannuwa a cinya, tana jin yatsunta na motsi su kaɗai. Maganin ma rabinsa a kumatu yake ƙarewa, don ba ta ganin bakin kwalbar, ɗan kuma yana kan hanya kwana biyar a mako.

Wata safiya, bayan kusan wata guda, tana ta fama da kwalbar sai ta ji an zare ta daga hannunta.

“Ɗaga kanki, Inna,” in ji surukar. “Buɗe mana. Kin matse ido kamar yarinya za a yi mata allura.”

Ta ɗiga mata, ta goge gefen idon da bakin mayafinta. Tun daga ranar ita ke sa mata safe da yamma. Ƙawa dai ba a sake barin ta da Inna su biyu ba, Inna kuma ba ta taɓa roƙo ba.