Gilashin Gaban Motar Baba

Shekarar da ciwon uwar 'ya'yana ya yi tsanani, ba a daɗe da yanke mana jiha ba. Muna zaune a Kuberi, ina noman albasa da rani, gero da dawa da damina. Ciwon ƙirji ne. Tun kwasar albasa take tari, da ruwa ya sauka sosai kuwa ta kasa zama sai an jingina ta. Ma'aikacin ɗakin shan magani na Maiyama ya duba ta, ya ja ni waje. Ya ce a kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi, kuma kada a bari iska ko ruwa su taɓa ta a hanya.

Lokacin wahalar mai ce. Motocin tasha kaɗan ke fita, su ma a cike maƙil, kuma babu direban da zai yarda ya shiga hanyar garinmu cikin laka. Ni ina da ragowar fetur na injin ban-ruwa, ina kuma da mota a ƙarƙashin rumfa.

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Doguwa ce mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, ya saye ta a hannun wani Bature na kamfanin hanya. Injinta lafiya lau, in ya tashi har kajin maƙwabta sai sun watse. Gilashin gaba ne babu. Wani sa ya sa masa ƙaho bayan rasuwar Baba, robar da ke riƙe da shi kuma ta bushe ta zube. A haka ba za ta ɗauki mara lafiya da damina ba.

Ranar Jumma'a na naɗe fuska da rawani na tuƙa ta zuwa Jega, ƙwari na bugun idona. Aka nuna mini wani dattijo mai gyaran jikin mota a bayan tasha. Ya zagaya ta yana taɓa ƙarfenta.

"Wagga mota ta girmi jiharmu da nisa," ya ce. "Ko Legas ka tahi ba ka samun robatta."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai ƙara wasa ba. Ya shiga cikin tarin ƙarafansa ya fito da gilashin wata mota daban, faɗinsu kusan ɗaya, lanƙwasar ce ta ɗan bambanta. Ya ce tunda babu roba, liƙa shi zai yi a jikin ƙarfen kai tsaye, da wani baƙin gam da ya saya wurin masu kayan mota na Anacha. Ya kankare tsatsar bakin wurin, ya goge, ya zuba gam ɗin da kauri kamar igiya. Muka ɗaga gilashin mu biyu muka aza a hankali. Ya zauna daidai da jikin motar, ba roba, ba farin ƙarfen ado a gefe. Ya sa 'yan guntayen taya a ƙasansa don kada ya zame, ya kama samansa da salatif.

"Kak ka taɓa shi, kak ka danna shi," ya ce. "Bar tagogi buɗe. Shi ka kama kainai. Sai jibi."

"Jibi, Baba? Matata fa..."

"Na ji ka. Gam na bai ji ba."

Bayan la'asar ya tafi gaisuwar mutuwa, ya bar ni da motar. A nan Kawu ya same ni. Ƙanin mahaifiyata ne, mai ɗori a Aliero, ya shigo cin kasuwa aka gaya masa inda nake. Daga nesa ake kawo masa masu karaya. Shi ne kuma ya je ya nema mini aurenta, yana kiranta ɗiyata.

Ya tambayi jikinta, na faɗa masa. Sai ya bi gefen gilashin da babban yatsansa, yadda na sha ganin yana bin ƙafar mutum. A kusurwar ƙasa ta gefen fasinja ya tsaya.

"Wanga ɗori bai zamna ba. Taɓa nan. Ka ji ya tashi?"

Na taɓa. Ya ɗan tashi, bai kai kaurin tsinke ba.

"Kawu, mai aikin ya ce a bar shi."

"In anka bar ƙashi haka ya kame, karkatacce shi ka warkewa. Ta nan ruwa za shi shiga, bisa ɗiyata."

Bai jira amsata ba. Ya zaro karan dawa daga dangar wurin, ya jera su a kan kusurwar, ya shimfiɗa tsumma. Ya zura igiya ta taga ɗaya ta fito ta ɗayar, ta zagayo ta gaban gilashin. Duk abin da ya yi da natsuwa ya yi shi, irin ta wanda ya shekara yana abu guda. Ya tokari taya da ƙafa, ya yi bisimilla, ya ja. Kusurwar ta kwanta. Har na ji sanyi a raina. Ya ƙara ja don ya ɗaure.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta tashi daga kusurwar ta hau sama kamar tsawon hannu. Gam ɗin ya matse ya fito ta gefe. Kawu ya saki igiyar, ya tsaya yana duban tafin hannunsa.

Da safe mai gyaran ya zo ya gani. Ya dubi karan, ya dubi Kawu da furfurarsa.

"Malam, ni in ƙahwata ta karye, kai nika kawo ma ita."

Wani gilashin babu, a Jega kaf. Dattijon ya matse ɗan abin da ya rage na gam ya cusa a kusurwar. Ya ce gilashin zai iya kai mu in an tafi a hankali, amma kowane rami zai ƙara tsagar, gudu kuma zai iya turo shi ciki gaba ɗaya. Muna cikin haka maƙwabcina ya iso a kan babur daga Kuberi. Ya ce in taho yanzu, ba sai jibi ba.

Kawu ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba. Ban ce ya zo ba, ban ce ya sauka ba.

Da muka isa Kuberi, shigar da matata cikin motar ya yi wuya saboda ƙofofin biyu ne. Muka kwantar da kujerar gaba, na ɗauko ta a hannu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yayarta ta shiga baya ta jingina ta a ƙirjinta, muka rufe ta da bargo. Ta buɗe ido ta ga gilashin.

"Malam, wa yay yi ma motar Baba tsaga?"

"Ni na yi, ɗiyata," in ji Kawu.

"To ta warke ke nan."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta.

Muna hawa kwalta a Maiyama hadari ya haɗu. Kafin mu yi nisa ruwa ya sauko. Muka rufe tagogi. Ta kusurwar nan ya fara shigowa, da farko ɗigo, daga baya ya zama zirin ruwa yana gangarowa, iska na fesa shi baya. Kawu ya warware rawaninsa ya dunƙule ya toshe wurin da hannu biyu. In ya jiƙe sai ya matse shi a cikin ƙwaryar da muka ɗauko don ba ta ruwa, ya mayar.

Motar nan tana da gudun da zai kai mu Birnin Kebbi kafin a gama cin tuwo. Ƙafata na kan totur, na san haka. Amma duk lokacin da na ɗan taka, sai gilashin ya ɗauki rawa, tsagar ta ƙara tafiya. Ta haye tsakiya, ta iso gaban idona, har ina leƙen hanya ta ƙarƙashinta. In ya faɗo, ruwan nan duka a kanta zai sauka. Sai in ɗaga ƙafa. Manyan motoci ɗauke da kaya suna wuce mu suna watsa mana ruwa.

Ina jin numfashinta a bayana, duk da ƙarar inji da ta ruwa. Da shi nake tuƙi. In ya yi sama sai in taka, in na ga tsagar ta motsa sai in saki. Na yi ta karanta abin da na iya. Muka ratsa Jega, kasuwa ta watse, rumfuna na zuba. Muka kama hanyar Birnin Kebbi.

Ban san daidai inda na daina jin numfashin nata ba. Ruwan ya ƙaru a lokacin, na ɗauka shi ya rufe shi. Mun wuce wasu gonakin gero sai yayarta ta kira ni, muryarta a kwance.

"Malam, tsaya haka nan."

"Mun kusa, Yaya."

"Tsaya. Juya mu koma gida."

Na tsaya a gefen hanya. Na juya na dube su. Ta riga ta ja bargon ta rufe mata fuska. Na kai hannu na taɓa shi, a bushe yake. Muka yi salati mu uku.

Hanyar ƙarama ce, motar doguwa, sai da na yi gaba na yi baya sau da yawa kafin ta juya. Babu sauran dalilin gaggawa, na tafi a hankali yadda gilashin ke so. Kawu bai ɗauke hannunsa daga kusurwar ba. A wajen Jega na ce masa ya huta, yatsunsa sun yi fari sun motse.

"Har yanzu ana ruwa," ya ce.

Ya matse rawanin a ƙwarya, ya mayar da shi wurin. Haka ya riƙe har ƙofar gida.