Mai Kiran Ranar Talata

Shekarar da masu faɗaɗa titin Abuja suka cinye rumfar gaban shagon ɗinkina, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu. A cikinta ne kuma 'yata ta daina dariya.

Ta gama karatu, ta yi watanni tana bin motar sassafe zuwa Abuja neman aiki, takardunta cikin leda, ta dawo da su yadda ta tafi da su. Daga baya ta daina fita. Tuwonta ya riƙa kwana a kwano. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in zaunar da ita in tambayi abin da ke cin ta. Uwarta ta gwada rubutu, ta gwada hayaƙi, yarinya sai ramewa.

Can muka lura duk Talata bayan la'asar takan zaga bayan gida da wayarta, kusa da turken awaki, don a unguwarmu ta Gangaren Tudu nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya. Sai ta yi awa guda tana magana ƙasa-ƙasa, ta dawo ido jajur, amma ranar takan cinye abincinta. Uwarta ta laɓe bayan zana sau biyu, ba ta tsinci komai ba sai shessheƙa, ta dawo ta yanke hukunci cewa saurayi ne. Na ce ko wane ne yana da amfani, tarbiyya ce dai ta yi masa kaɗan. Ba a neman aure daga bayan turke.

Abin da baki ya kasa, na ce hannu ya yi, tunda ya koyi sabuwar sana'a. Na yagi takarda a littafin aji, na kwana uku ina gogewa kafin na samu layi ɗaya tsayayye: "Malam, in da gaske kake, turo magabatanka." Na ba uwarta ta miƙa mata don ta isar. Na kuma sayi goro na lulluɓe da buhun algarara, kada baƙi su same ni haka.

Talata ta zo, yarinya ba ta zaga ba. Ta gaba ma haka. Tuwo ya koma kwana.

Ranar Laraba yarinyar ta same ni a shagona da ke unguwar Tudun Ƙofa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Ta ce ba saurayi ba ne, wata likita ce a Abuja da ta karanci ciwon damuwa, suna ganin juna ta waya, ƙawarta ce ta haɗa su. Ta daina ne don ta gane bayan gidan ma ya yi kunne. Na tambayi wane magani likitar ke ba ta. Ta ce yawanci tambaya take yi mata, ta saurara. Na ce tambaya ai muna da ita a gida.

"To Baba, wata nawa ba wanda ya yi mini ita?"

Na duba zaren keken ɗinki, wanda ba abin da ya same shi, na daɗe ina gyara shi. Sannan na ce mata sabis ɗin shagon nan ya fi na awaki ƙarfi.

Tun daga nan duk Talata bayan la'asar nakan bar mata shagon, in ja ƙofa, in zauna a benci a waje da littafina. Mai zuwa karɓar ɗinki in ce masa tela yana makaranta. Ban taɓa jin abin da suke faɗa ba, kuma na hana uwarta kawo mini kunu a wannan lokacin, duk da ta rantse kunun kawai take kawowa.

Sau ɗaya aka kira ni ciki mu gaisa. Na tarar da mace mai tabarau a fuskar wayar, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ashe an nuna mata wasiƙar. Ta ce, "Baba, rubutunka ya fita sarai. Magabatana suna gaishe ka."

Aikin Abuja bai samu ba a shekarar, amma yarinya ta koma cin abinci, har tana gyara mini baƙaƙe tana dariya.

Abin da aka rasa: Talata biyu na yarinyar, takarda ɗaya, goron da ya bushe, masu ɗinki uku da suka koma wajen maƙwabcina, da suruki ɗaya.