Keken da Malam Inuwa Ya Ƙera wa Hajara

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Inuwa mai walda a nan Gyadi-Gyadi, katangar kuma gajera ce, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba. Ni ce Uwani mai ƙosai ta bakin lungu. Ni Bazazzagiya ce, shi Bakano, tun ranar da muka tare na san na samu abokin wasa, har yau kuwa bai huta ba.

Mutumin Garko ne. Ya shigo birni yana saurayi, ya koyi walda a Unguwa Uku, daga baya ya kafa rumfarsa a Tarauni. In ka bi layukan Daurawa ka ga ƙofar ƙarfe mai zanen ganyen dabino a sama, tasa ce. Aikinsa akwai ƙwari, wannan ban hana shi ba. Sai dai yana da hali biyu. Ba ya riƙe tef ɗin awo. In magini ya bar gurbin ƙofa, igiya yake yankowa ya gwada, ya ƙulla, ya cusa a aljihu. Sannan bai yarda da noti ba. A wurinsa duk abin da aka ɗaure wata rana zai kwance, gara a liƙe shi da wuta a huta. Na taɓa kai masa murhuna ya gyara min ƙafa ɗaya, ya dawo min da shi a manne da kaskon suya.

Na ce, "Baban Hasana, ta yaya zan wanke kaskon?"

Ya ce, "Ki wanke su tare mana. Ai dai yanzu ba zai zame ya ƙona ki ba. Zagezagi ba godiya."

Matarsa Hajara, da nake ce wa Yaya, 'yar Kibiya ce, mace mai ƙafar zumunci. Ba suna ba biki ba gaisuwar mutuwa da za a yi a unguwa ba ka gan ta a gaba ba. Kowane wata kuma sai ta ɗaure sabulu da goro ta tafi ganin Innarta, tsohuwa tukuf wadda idonta ya tafi, ba ta iya zaman mota.

Bara waccan hawan jini ya kayar da Yaya Hajara a bakin rijiya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka rubuta mata gashi a asibitin koyarwa, aka aro mata keken marasa lafiya irin na kanti. Keken nan a kan simintin asibiti kamar ruwa yake tafiya. Da an shigo lungunmu, ƙananan tayoyin gaba sai su nutse a yashi, in an fita daga yashi a faɗa kwata. Dole Malam Inuwa ya riƙa goya ta zuwa titi, da furfurarsa da komai, ita kuma tana rufe fuska da mayafi.

Inna kuwa kullum aka haɗa su a waya magana ɗaya take yi. "Hajo, murya ba ta ishe ni ba. Ki zo in taɓa ki in ji da hannuna." Gidan Inna yana can bayan gari, mota ba ta kaiwa, sai an bi wata doguwar hanya mai rairayi tsakanin gonaki. Wa zai goyi babbar mace har can?

Sai Malam Inuwa ya ce shi zai ƙera keke da kansa.

Ya je wajen 'yan gwangwan ya samo wasu tayoyi masu kauri, na wani inji ne da aka shigo da shi daga waje, har masu sayarwar ba su san na mene ne ba. Ya gwada matarsa da igiya, tana dariya da rabin baki. Ya shiga rumfa ya yi ta feshin wuta. Ranar da ya turo abin nan cikin lungu, duk mata sun leƙo. Kore shar, da soso a wurin zama, a baya ya rubuta BABU IRINSA da farin fenti.

Na ce, "Kai, Bakano, wannan keke ne ko motar yaƙi?"

Ya ce, "Ke dai ki ce ma sha Allah, baƙin ciki bai kama ki ba."

Gaskiya ya ci yashi, ya haye kwata kamar ba ita. Ƙofar ɗakinsu ce dai ta ƙi shi, sai da aka sassaƙe gefen gini. Adaidaita sahu ma ta ƙi shi, don ba ya naɗewa ba ya kwancewa, sai dai a tura har asibiti. Duk da haka Yaya Hajara ta ji daɗi. Ta sa na ɗaura mata ɗankwali, muka fita tana gaisa da mutane.

A fita ta uku ne, muna dawowa daga gashi rana ta take, ƙusa ta shiga tayar dama a gefen babban titi. Ga rumfar Magaji mai gyaran keke nan kusa, sa'an Malam Inuwa ne, tare suke sallah a masallaci ɗaya. Magaji ya tsuguna ya duba, ya ɗauko sifana, ya juya ta nan ya juya ta can.

"Inuwa, ina notin?"

"Babu noti. Walda na yi."

"Ka yi wa taya walda?"

"Don kar ta fita."

"To ai ga shi ba za ta fita ba."

Da ƙyar ya ɓanɓaro robar ya zaro tif ɗin, sai ga shi ya yage, ya wuce faci. Ya zazzage duk wanda yake da shi, babu mai shiga. Ya tambayi masu facin babur, ya tambayi masu baro, kowa ya juya tayar ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Rubutun da ke bayan keken ya zama gaskiya.

Yaya Hajara na zaune a rana, mutane sun fara taruwa, mai sannu na yi, mai kallo na yi. Wata mata da ke wucewa ta ɗauka bara ake, ta ajiye mata sadaka a cinya. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Aka tare adaidaita, aka ciccibe ta aka sa, keken ya kwana a rumfar Magaji. Da muka isa gida ta juya fuska bango ta ce, "Malam, na gode. Amma na gama fita. Ku gaya wa Inna ta yafe ni."

Ta daina zuwa gashi. In Inna ta kira sai ta ce a ce tana barci. Shi kuma ya daina tanka min. In na ce masa Bakano mai tayar aljanu sai ya wuce kansa a ƙasa, ni ma wasan ya fita daga raina.

Akwai wata yarinya da ke haya a gidanmu, Ummukulsum, tana karatun aikin gashi a asibitin. Ita ce ta je ta same shi a rumfa, ta ja ni rakiya, muka tarar Magaji ma yana can. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, keken nan naka ya yi abin da namu na asibiti ba sa yi. Malaminmu ma da na ba shi labari cewa ya yi yana so ya gani. Abu kaɗan ya rage."

Ya ce, "'Yar nan, ba sai kin lallashe ni ba."

Ta ciro tef daga jaka. Ta ce akwai faɗin da masana suka zauna suka daidaita a kai, na wurin zama, na tsayin abin ɗora ƙafa, na keken gaba ɗaya don ya shige ƙofar ɗakin likita da ta banɗaki. Ta nuna masa hotuna a waya. Magaji ya karɓe zancen ya ce, "Ni ban san wannan ba, amma na san taya. Ka sa tayar keke mai lamba ashirin da shida, ka ɗaure da noti mai cin sifana sha biyar. Kamfanin da ya yi tayar daban, wanda ya yi tif daban, ba su taɓa ganin juna ba, amma in ka haɗa sai su zauna daram. Duk inda keke yake zuwa, naka ya samu mai gyara."

Malam Inuwa ya ɓata rai. "To in taya ta kanti ce, noti na kanti, awo na wasu, ni me na yi ke nan? Ina tawa basirar?"

Na ce, "Basirarka ai tana rumfar Magaji ta kwanta a gefe ɗaya."

Magaji ya fashe da dariya, Ummukulsum ta toshe baki. Shi ma sai da gefen gemunsa ya motsa. Ya miƙa hannu ya karɓi tef ɗin kamar an ba shi maciji, ya ce a nuna masa inda ake farawa.

Abin da ban zata ba, da ya daina fama da taya da faɗi, sai kansa ya buɗe ta wani wajen. Ya sa taya ɗaya babba a gaba a kan dogon hannu, wadda ba ta nutsewa a yashi, in an shiga ɗaki a zare ta. Ya haɗa birkin tayoyin biyu a kan sanda ɗaya ta dama, hannun da Yaya ke iya motsawa. Ya yi wa hannun hagu wani ɗan mazauni mai soso don kar ya riƙa zamewa yana lilo. Ya yi wurin soke lema, ya yi wurin rataye buta. Duka da noti ya ɗaure su. Yana ɗaurewa yana ƙunƙuni, amma yana ɗaurewa.

Ummukulsum ta kai keken wajen malaminsu. Ɗalibai suka ɗora buhunan yashi a kai, suka yi ta hawa da gangara da shi, suna rubutawa. Suka ce yana saurin kifewa ta baya a kan tudu, a matsar da tayoyin baya kaɗan. Da na farko ne sai dai a yanka da inji, wannan kuwa kwancewa ya yi ya matsar ya mayar. Malamin ya ce tunda an yi shi a kan awon da kowa ya sani, za su iya gwada shi da na waje su faɗi wanda ya fi, in ya ci kuma akwai inda za a kai maganar don masu hukunci su duba. Tun a harabar asibitin mutum biyu suka tambayi inda rumfarsa take.

Saura mai keken. Ya turo shi tsakar gida, ta ƙi ko kallo. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Hajo, ban ce ki fita unguwa ba. Kibiya kawai. In ya ba ki kunya a hanya, ni da kaina zan kai shi wajen 'yan gwangwan." Can ta ce, "Uwani, duba min ko akwai sauran sabulu a kwalla."

Muka tafi mu uku. A tasha direba ya hango keken ya fara girgiza kai, ya ce ba wuri. Malam Inuwa ya laluba aljihu, ashe ya baro sifanarsa a gida, mutumin da bai saba ɗauka ba. Direban ya jawo tasa daga ƙarƙashin kujera, ta shiga cif. Kafin a gama lodi keke ya zama ƙarafa a but. A Kibiya aka sake haɗa shi, muka kama hanyar gonaki, dawa ta fi mu tsawo ta ko'ina, shi yana turawa, ita tana riƙe da sandar birki tana ce masa ya bi a hankali ba tsere ake ba.

Inna na zaune a kan tabarma a inuwar rumbu. Malam Inuwa ya tsaya a zaure, kunyar suruka, ni na ƙarasa da ita. Tsohuwa ta ji muryar 'yarta ta miƙo hannu biyu. Ta shafa fuskar, ta tsaya a gefen bakin da ya karkace, ta gangara kafaɗa, ta ɗauki hannun nan da ba ya motsi ta sa a cikin nata ta yi ta murzawa. Ni da bakina bai iya shiru ba, ranar ya iya.

Da la'asar muka ce za mu koma, Yaya Hajara ta ce a kira mata Malam. Ya shigo ya durƙusa can nesa ya gaida Inna.

Ta ce, "Malam, ku tafi. Ni sai bayan girbi."

Ya ɗago a firgice. "Gashin fa? Keken fa, in wani abu ya same shi?"

"Ummukulsum ta koya min motsin da zan riƙa yi, jikokin Inna za su taya ni. Keke kuma akwai mai gyara a bakin kasuwa."

Inna ta ce, "Inuwa, ka kawo min ita, Allah ya yi maka albarka. Yanzu ka ara min ita."

Ya ce to. Ya zagaya keken ya tattaɓa notin ɗaya bayan ɗaya, ko da yake babu wanda ya saki.

Muka shiga mota ni da Malam Inuwa, muka kamo hanya har muka wuce Rano. Yana ta kallon waje yana goge ido da hannun riga, wai iska ce. Sai da muka hango fitilun Unguwa Uku ya juyo.

"Uwani, yanzu wa zai ba ni tuwo?"

Na ce, "Zan miƙo maka ta katanga. Amma na Zazzau ne, in ka ci sai ka yaba da ƙarfi yadda duk lungu za su ji."

Ya ce, "A sa man shanu."