Alhamis ɗin Mista Prosser

Shekara ashirin da biyu ina zuba shayi a majalisa, ban ga mai zaman shiru irin Mista Idwal Prosser ba. Ɗan majalisa ne daga Wales, tsohon mai haƙar kwal ne, har da shuɗin tabo a goshi.

Kin san yadda suke yi. In ɗan majalisa yana son ya tsallake ƙuri'a, sai ya nemi wani a ɗaya jam'iyyar, su biyu su ƙi jefawa, ba wanda ya ci riba. Abokin hutu ke nan. Nasa wani Kanar Wetherall ne, mai 'ya kwance a asibiti can Norfolk. Duk Alhamis Kanar ya tafi wurin 'yarsa, Prosser kuma ya hau jirgin ƙasa wurin matarsa Gwenda.

To, sai Gwenda ta rasu. Bai ce wa Kanar a warware alkawarin ba. Alhamis ta zo, ba wanda zai tarar a gida, ga shi ba damar ƙuri'a. Sai ya zauna a teburin kusurwa a ɗakin shayi. Ƙararrawar kiran ƙuri'a ta kaɗa, kowa ya ruga, a bar mu ni da shi.

"Hilda, wannan shayi ne ko ruwan wankin safa?"

"In bai yi maka ba, Mista Prosser, ga kogi can waje."

Iyakar hirarmu ke nan, shekara huɗu.

Rannan aka kawo maganar rufe ramukan kwal, har da na garinsu. Ƙuri'ar ta faɗo Alhamis. Kanar ya riga ya tafi, za a yi wa yarinyar aiki. Ƙararrawa na kaɗawa na ajiye buta.

"Ka tashi mana. Ramin garinku ne fa."

"Na ba mutumin nan magana, Hilda. Yana can bakin gadon 'yarsa, ya saki jiki da ni."

Ya ci gaba da shan shayinsa, bai tashi ba.

Washegari mutanensa suka duba jarida, ba sunansa cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi kuma ba mai bayani ba ne. Zaɓe na zuwa suka tsayar da wani, ya koma gidan nan nasa shi kaɗai.

Sau biyu na sa 'yata, wato mamarki, ta rubuta masa katin Kirsimeti. Na biyun maƙwabciyarsa ce ta maido, ta rubuta a baya wai mutum shida suka je jana'izarsa.